Ranar da Na Buga Ƙararrawa da Tsumma

Shekarun baya, lokacin ina sabon mai gadi a wata makarantar firamare a gefen garin Kafanchan, na yi wani abin kunya wanda har yau in na tuna sai in rufe fuska in yi dariya. Na ga ana ta gardama a nan kan ko ya dace a ɗaga lokacin shiga makaranta washegarin babban wasan ƙwallo, shi ne na ce bari in ba ku nawa labarin.

Ni dai a aji shida karatuna ya tsaya. Noman citta na sani a ƙauyenmu wajen Godogodo, har shekarar da ruɓa ta cinye mana gona, na kwaso matata da 'yan biyunmu muka dawo gari. Da ƙyar aka samo mini aikin gadin nan, kuma na gwaji ne: wata shida, in ba a same ni da laifi ba a ba ni takardar tabbatarwa, in an samu in kama hanya. Wanda na gada ma a kan makara aka sallame shi. Lokacin da abin nan ya faru saura mini sati uku in cika.

Babban aikina shi ne ƙararrawa. Ba irin ta hannu ba ce, wani guntun ƙarfen layin dogo ne da aka rataye a reshen mangwaro tun kafin a haife ni, ana dukansa da sandar ƙarfe. Ƙarfe shida da rabi in buga sau goma sha biyu, wannan ita ce ta shiri. Bakwai da rabi in buga ta shiga layi, in ja ƙofa, wanda ya zo bayan nan ya durƙusa. Ta shirin nan kuwa ba ta makaranta ce kaɗai ba. Duk unguwar da ita ake tashi. Iyaye mata ba sa duba agogo, da sun ji ƙarfe sai su fara yaye wa yara bargo.

Waɗanda suka san ni sun san halina. Ni ne mutumin da zai kulle kwaɗo ya tafi, ya dawo ya ja shi, ya sake tafiya, ya sake dawowa. Agogo biyu nake ɗaurawa a lokacin, don kada ɗaya ya ci amanata. Matata ta kan ce in ba ni da abin damuwa, sai in je maƙwabta in aro.

To a shekarar nan ƙasarmu ta kai wasan ƙarshe a babbar gasar ƙwallon ƙafa, kuma ranar Lahadi da dare za a buga. Ranar Juma'a bayan an tashi, shugabar makarantarmu ta kira ni. Mama muke ce mata, malamai da yara da mu duka. Dattijuwa ce gajera, mai magana a hankali, saura mata ƙasa da shekara ta yi ritaya. Ta ce mini ranar Litinin kada in taɓa ƙarfen nan sai ƙarfe tara, ko an ci ko ba a ci ba. Ta ce ta ga abin da ya faru bayan wasan kusa da na ƙarshe: rabin yara a durƙushe a bakin ƙofa, sauran suna gyangyaɗi a kan benci, malamai kuma da jan ido suna ta zane su. Ta ce ba wanda ya koyi komai a ranar, sai dai an sha kuka. Gara a ba su awa ɗaya da rabi su yi barci, a soke dogon hutun tara, a ƙara kaɗan a lokacin tashi.

Na ce to, Mama. Sai kuma na tambaye ta ko ofishin ilimi sun ba da takarda. Ta ce ta rubuta musu ta sanar da su, amsa dai ba ta zo ba, kuma ba za ta zo kafin Litinin ba. Ta ce in je in huta.

Wane hutu?

Ita kam ta yi nata shiri tsaf. An faɗa wa yara a layi. Ranar Lahadi aka sa a cikin sanarwa bayan sujada a majami'u uku na unguwar. Shugaban iyayen yara, wani alhaji mai sayar da hatsi a kasuwa, ya ɗauki nauyin faɗa a masallaci. Kowa na murna yana sa mata albarka. Ni kaɗai nake zaune a coci ina lissafi: in wani daga ofis ya zo da safe ya ce wa ke da alhakin buga ƙararrawa, sunan wa za a kira? Mama tana da shekara talatin a aiki, ni ina da wata biyar da sati ɗaya.

Aka buga wasa, muka ci. Ba sai na ba ku labarin yadda gari ya kasance ba, kun sani. 'Yan acaɓa suna ta zagaye suna hon, mata suna kaɗa murfin tukunya, 'yan biyuna da ba su wuce shekara bakwai ba sai da aka ɗauko su a kafaɗa daga gidan kallo. Ni ko ƙwallon da aka ci ban gani da kyau ba, hankalina yana kan mangwaro.

Da asuba na tafi makaranta kamar kullum. Shida da kwata ina tsaye a gindin bishiya da sanda a hannu. In na buga, na saɓa wa Mama. In ban buga ba, na saɓa wa doka. Kuma ni ba na iya ƙarya, bakina rawa yake yi. Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka Allah ne ya ba ni. Na ɗauko tsumman goge allo na naɗe kan sandar, na ɗaure. Na ce zan buga sau uku kawai, a hankali. In ofis suka tambaya ko na buga, in ce na buga, ban yi ƙarya ba. In Mama ta tambaya ko na tashi gari, in ce a'a, ban yi ƙarya ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne shirun da gari ya yi. Ba babur, ba injin niƙa, ba rediyo, ko zakaru kamar sun yi kallon wasan. Da na ɗora sandar nan a jikin ƙarfe, sai ya yi wata irin ƙara mai kauri, ta tafi can ta dawo. Na tsaya ina jin ta tana ratsa unguwa. Maimakon in bari haka, sai na ce ai na riga na ce uku, na ƙarasa sauran biyun.

Kafin bakwai da kwata sai ga yara. Iyayen da ke kusa sun ji, sun ɗauka an fasa ɗagawar. Wasu ba wanka, wasu riga a bai-bai, wata yarinya da takalmi ƙafa ɗaya tana kuka. Bayansu iyaye mata da zane a ƙirji, kowace da abin da take faɗa. Wata ta ce mini in makarantar ba ta san abin da take so ba, ta daina sa fasto yana ɓata bakinsa. Har matata ta iso tana jan 'yan biyu, ta dube ni ta dubi sandar da tsumma har yanzu a kanta, ta ce, "Baban 'yan biyu, me ka yi kuma?"

Ana cikin haka Mama ta shigo da bokitin kunu a hannu. Ashe ta yi tunanin yaran da ke zuwa daga gonakin hayin rafi, waɗanda ƙila sanarwa ba ta kai musu ba, ta ce bari ta fito da wuri ta tare su kada su zauna su kaɗai da yunwa. Ta yi kunun mutum goma, ta tarar da abin da ya kai aji biyu.

Ban jira ta tambaya ba. Na faɗa mata komai, har da tsumman da dalilinsa. Na sa rai za ta yi faɗa. Ta daɗe tana kallona, na ga gefen bakinta yana motsi, sai ta juya ta ba iyayen haƙuri, ta ce kuskure ne daga makaranta, su bar yaran a nan, su kuma su koma gida su huta. Ni kuma ta ce in buɗe ajin da ya fi girma, in ture bencuna gefe, in shimfiɗa tabarmin da ke sito. Ta ƙara wa kunun ruwan zafi daga gidan maƙwabta, kowa ya sami rabin kofi. Kafin minti ashirin ajin nan ya yi tsit, sai munshari.

Wajen ƙarfe takwas abin da nake tsoro ya iso a kan babur. Jami'i ne daga ofishin ilimi, an turo su zagaye don a ga makarantun da ba su buɗe ba. Ya tarar da ƙofa a buɗe, ba layi, ba malami ko ɗaya, yara kwance a ƙasa. Ya nemi shugaba, ya ce a kira mai gadi ma. Na tsaya a bakin ofis.

Mutumin ba mugu ba ne, ya san Mama, yana girmama ta. Muryarsa a dishe take ƙwarai, da ƙyar ake jin sa. Mama ta gaishe shi ta ce, Yallaɓai, me ya sami murya haka? Ya ce mura ce. Ta ce Allah ya sawwaƙe, murar nan ta kama gari jiya da dare. Ya yi kamar bai ji ba.

Ya buɗe littafinsa ya ce dole ya rubuta wani abu, don sai ya kai rahoto. Sai ya sassauta murya, wadda dama a sassauce take, ya ce bai kamata mace kamar ta, da ta kusa fita lafiya, ta sami takardar tuhuma a fayil ba. Ya ce akwai hanya mai sauƙi. A rubuta cewa mai gadi bai buga ta shiga layi a kan lokaci ba, shi ya kawo ruɗani. Ai ɗan gwaji ne, ba wani dogon zance. Yana faɗa ina tsaye, kamar ba na wurin.

Gaskiya ta Allah, da ta ce to, da ba ta zalunce ni sosai ba. Na saɓa mata, na tara mata iyaye a ƙofa, na ɓata mata shirin da ta yi kwana uku tana yi. Na sunkuyar da kai ina tunanin yadda zan faɗa wa matata mu fara ɗaure kaya.

Sai na ji Mama ta ce, "A'a, Yallaɓai. Ni na hana shi. Rubuta sunana."

Ya ce ta yi tunani dai. Ta ce ta yi tun ranar Juma'a. Ta ciro kwafin wasiƙar da ta aika ofis, da jadawalin ranar da ta sake tsarawa da hannunta, ta nuna masa inda kowane darasi ya koma, ba wanda ya ɓata. Sannan ta nuna ni ta ce, "Wannan da kake gani ya fi ni bin doka. Na ce kada ya buga, ya buga. In akwai mutum ɗaya da ya yi aikinsa a makarantar nan yau da safe, shi ne."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Laifin da na yi mata, shi ta ɗauka ta kare ni da shi.

Jami'in ya rubuta abin da ta ce. Bai tafi nan da nan ba, ya zauna a kujerar ofis wai yana jiran ya ga ko za a fara a taran, kuma na ga idonsa ya rufe na ɗan lokaci. Ƙarfe tara daidai Mama ta leƙo ta ce mini in buga yadda aka saba. Yara suka cika fili, malamai duka sun iso, ba wanda ya durƙusa a ranar. Malamin aji biyar ya ce rabonsa da ganin yara suna ɗaga hannu don ba da amsa haka tun farkon zango.

Bayan an tashi ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa. A nan ne na sha nawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, in na ba ka umarni ka ga ba daidai ba ne, ka zo ka faɗa mini a fuskata, zan saurare ka. In ka karɓa kuma, ka yi shi duka. Wannan rabi-rabin naka kanka kawai ya kare, dubi yara nawa ya tasa daga barci." Na ce na tuba. Ta ce ta ji, in je in ci abinci.

Takardar tuhuma ta zo mata bayan kwana huɗu. Ta amsa, aka bi ta da takardar gargaɗi. Tawa takardar tabbatarwar ta fito a kan lokacinta, da sa hannunta a ƙasa.

Ni ba mai ilimi ba ne, ba zan ce muku ga abin da ya kamata gwamnati ta yi kan lokacin makaranta ba. Na dai ga yaran da suka yi barci sun fi waɗanda aka zane ganewa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na gane ba duk tsoron da nake ji ne tsoron Allah ba. Da yawansa tsoron kada a kira sunana ne. Har yau halin bai bar ni ba, ina nan ina komawa in ja kwaɗo. Amma in na ji kaina yana ƙulla mini wata dabarar da za ta sa in fita fes ko wa zai kwana ciki, nakan tsaya in tambayi kaina wa zai ɗauki nauyin.

Bara na je gaishe ta a gidan ɗanta wajen Kagarko, inda take zaune yanzu. Ta tsufa, amma ta gane ni tun daga nesa. Muna hira na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cin raina. Na ce na ji an ce takardar gargaɗin nan ita kaɗai ce a fayil ɗinta duk tsawon aikinta, ko ta taɓa yin da-na-sani? Ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Takarda ce, ɗana, tana can a kabad, ba ta cin tuwo. 'Ya'yanka fa?"