Kwana Shida Inna Tana Cewa Da Sauƙi

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kudu, ni da yayana, za mu Kwandiko dubo kakarmu Inna. An ce mana mura ce. Bas ta ɗau hanyar Gwaram, tana tsayawa duk inda aka ɗaga hannu, har akuya sai da ta samu wurin zama. Ina cin ƙosai mai zafi ina kallon dawa tana rangaji, raina fes. Daga Gwaram muka hau acaɓa.

Muka tarar da ɗakin Inna cike da 'yan dubiya, taga a rufe, ga hayaƙin turaren wuta. Duk wanda ya shigo sai ta yunƙura ta zauna, ta amsa gaisuwa tun daga gajiya har iyali, ta ce, "Da sauƙi." Tsakanin kalma da kalma tana neman iska. Leɓɓanta sun yi duhu.

Na ce wa ƙanen mamanmu, "Kawu, asibiti za mu kai ta."

"Ke 'yar boko, murar nan ce ta zaga gidan. Ni kwana uku na yi na koma gona. Ba ki ji da bakinta ta ce da sauƙi ba?"

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Yaushe Inna ta taɓa cewa babu sauƙi? Yayana ya fita ya samo mota.

Hanyar dawowa ban ga komai ba. Kanta na kan cinyata, kowane rami sai na ji shi a ƙirjinta.

A asibitin Birnin Kudu likita ta ce ƙwayar cutar ɗaya ce da wadda ta zaga gidan, jikin ne ba ɗaya ba. In ta shiga huhu, jiki kan kunna mata wuta. Jikin matashi yakan kashe wutar in an gama. Na tsoho abin kashewar ya ƙaranta, sai kumburi ya zarce, huhu ya riƙa cinyewa kamar ƙarfen da ya yi tsatsa. Wani tsohon ko zazzaɓi ba ya yi.

Na koma gida da la'asar, na bar Inna da robar iska a hanci, ba a san yadda za ta kaya ba. Har yanzu haushin Kawu nake ji, amma na kaina ya fi. Sau biyu na kira ta a makon, ta ce da sauƙi, na yi hamdala na koma kan littafina. Daga yau in na je duba tsoho, ba bakinsa zan saurara ba. Ƙirjinsa zan kalla.