Bijimin Yumɓun Yaya Binta

Da daminar nan Yaya Binta ta cika shekara bakwai a ƙasa. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne yaro ɗaya, Buba, da wani bijimin yumɓu mai ƙaho ɗaya da ke kan tagar shagona na ɗinki a nan Ƙanƙara. A kan su biyun nake son yin magana, don kwanan nan sun hana ni sukuni.

Mu biyu iyayenmu suka haifa a Ruwan Godiya, ita ce babba. Ta auri Bello, Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari, a zamanin da irin wannan aure ba ya ɗaga wa kowa hankali. In ya shigo gidanmu nakan ce, "Ga ɗan daji nan ya zo cin tuwon banza." Shi kuma ya ce Kaɗo ba ya ƙoshi sai ya ga ƙasan ƙwarya. A yi dariya a watse. A lokacin kalmar ɗan daji ba ta da jini a jikinta.

Yaya mace ce mai hannu. In ruwa ya ɗauke sai ta ɗebo yumɓu a bakin rafi, yaran unguwa su zagaye ta, ta koya musu yadda ake murza ƙaho da yadda ake ɗora tozo kada ya faɗi. Ba ta ware kowa. Ɗan mai shago da ɗan mai faskare duk gwiwarsu a laka ɗaya take. Wata rana wata dattijuwa ta zo tana faɗa, wai jikarta ta bar 'yar tsana ta koma gina shanu kamar namiji. Yaya ta gaishe ta da ladabi, sannan ta ce, "To Inna, wa ke tatsar saniyar in ba mace ba?" Tsohuwar ta tafi tana mita, yarinyar kuwa ba ta tashi ba.

Buba yana shekara biyu ciwo ya ɗauke ta. Bayan 'yan shekaru masu bindiga suka kore shanun Bello, ya bi sawu, har yau bai dawo ba. Da zaman ƙauye ya gagara na kwaso iyalina da yaron muka dawo gari. Bijimin nan a aljihun rigarsa ya zo, a hanya ƙaho ɗaya ya karye.

Ƙofar shagona tana kallon lungun da yara ke wasa, don haka ina ganin abin da iyayensu ba sa gani. Ba wanda ke taɓa laka yanzu. Wasa ɗaya ne kullum, soja da 'yan daji, kuma kafin a fara kowa ya san matsayinsa. Wanda ubansa ya saya wa bindigar roba da salla shi ne soja. Mai bindigar kara ɗan sa-kai ne, a baya yake tafiya. 'Yan mata kuwa aikinsu su zauna a gindin katanga, a ɗaure musu hannu da ɗankwali, su yi ta kuka har a zo ceto. Ba su suka ƙirƙiro wannan rabo ba. Finafinan da suke kallo a wayoyinmu sun riga sun koya musu cewa jarumi daga gidan bene yake fitowa, mace ihu take yi, mugu kuma tun daga fuska da lafazin bakinsa ake gane shi. Sauran sun ji shi a bakinmu, mu manya, a majalisa.

Buba ya ɗauko tsayin ubansa da dogon hancinsa. Ba sai na faɗi matsayin da ake ba shi a wasan ba. Kullum shi ake kora, shi ake kamawa, shi ke kwanciya a ƙasa yana mutuwa ana tafi. Yaron da 'yan daji suka mayar maraya shi ne ɗan dajin lungunmu.

Na yi tunanin na gano maganin abin. Tunda mai bindigar roba shi ne soja, sai na shiga kasuwa na saya masa wadda ta fi ta kowa, mai ƙara da jar wuta. Ya fita da ita yana tsalle, ni kuma na leƙo ina jiran in ga ɗan Yaya a sahun gaba. Yaran suka kewaye shi suna shafa ta. Sai babbansu ya ce, "Yauwa, yanzu ka zama kacallan 'yan daji sosai." A hannun kowane yaro bindigar soja ce, a hannun Buba kaɗai ta zama ta daji. Na koma kan kekena, na kasa saka zare a allura.

Da yamma na ce masa ya daina yarda. Ya ce, "Kawu, in na ƙi ba su sa ni a wasan." Bai yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya fi ƙona mini rai.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta yi da tana raye. Na san ba za ta je kasuwa ba. Wataƙila ta ɗauki bokiti ta nemo yumɓu, ta zauna a tsakiyar lungun har yaran su ajiye bindigoginsu don son ganin abin da take yi. Wataƙila kuma ba wanda zai zo. Bakin rafin ma yanzu ba mai zuwa shi kaɗai, kuma ban sani ba ko uwa za ta bar ɗanta ya koma gida riƙe da saniya, ko ta laka ce. Ni dai na gwada sau ɗaya, abin da na gina ya fi kama da jaki, Buba ya yi dariya ya ce in bari.

To me ya rage na Yaya Binta? Bijimin nan mai ƙaho ɗaya yana nan, amma Buba ya daina fita da shi tun ranar da yaran lungu suka ce bijimin sata ne. Sai sunan. Abubakar aka raɗa masa, ita ce ta mayar da shi Buba don faranta wa dangin mijinta, kuma da shi ta kira shi a kwanciyarta ta ƙarshe. Ina ganin wannan kam ba mai ƙwace masa.

Shekaranjiya ya shigo shago, ya tsaya kusa da keken yana wasa da ƙyallaye, ya ƙi kallona.

"Kawu, dan Allah in muna waje ka riƙa ce mani Abubakar."

Na ce, "Don mi? Ai mahaifiyarka ta sa maka Buba."

Ya ɗaga kai ya dubi bijimin da ke kan taga, ya ce, "Na sani. A cikin gida sai ka ce mani Buban."

Na ce to. Jiya na kira shi daga bakin titi da sabon sunan, ya amsa da gudu.