Ranar da Na Riƙe Hannun Wan Mijina

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yanzu sai in ajiye allura in yini ina nemanta. Amma akwai wata rana guda, cikin wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, wadda ba zan manta da ita ba har a kai ni makwancina. Ni ban yi karatu ba, jikata ce ke rubutawa, ina faɗa mata yadda abin ya gudana.

Ɗana na fari mai gyaran wutar lantarki ne, wadda muke ce wa kuran. Mu nan Arewa, yadda muka taso muka iske, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta nuna shi gaban mutane ta ce nata ne, ba ta tsaya masa ko ana cutarsa. Har ya yi gemu ya tara iyali, "kai wanga" nake ce masa. Sai kuma kunyar da ta fi wannan nauyi, ta wan miji. Shekara arba'in ina gidan aure, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskar wan mijina ba. In ya shigo ta nan, in fita ta can.

To shi wan mijin nawa, Alhaji, yana da gidan wanka da ban-ɗaki kusa da tasha a Dogon Dutsi. Bayan gidan akwai wani rami mai zurfi da aka shafe da siminti, nan duk ƙazantar ke taruwa. Cikin ramin akwai famfo mai aiki da kuran, shi ke tura ruwan ta cikin tiyo zuwa wani babban rami can nesa da mutane. Kuma layin kuran ɗin nan shi ne ke kai wuta ɗakin da Alhaji ke daskarar da ƙanƙara, wadda ake rububinta lokacin shan ruwa.

Ran nan na fito daga ƙauyenmu wajen Dumega, na zo karɓar maganin ido. Da na gama sai na nemi inda yaron yake aiki, don ya ɗauke ni a moto, wato babur ɗinsa, zuwa gidansa. Na iske shi bayan gidan wankan. Ramin ya cika ya yi ambaliya, baƙin ruwa ya malale ƙasa, wari kuwa sai wanda ya ji. Ya ce famfon ne, da an kunna shi sai kuran ya faɗi. Shi da mai gadin wurin sun jawo famfon waje da igiya, don ya ce ba ya shiga ramin ko da mene ne. Na ce ai gaskiyarsa, irin wurin nan ba ya rasa doguwa, aljanar nan. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ba doguwa ba ce, iskar ƙazanta ce. Mutum ya shaƙe ta, kahin ya ce wayyo ya hwaɗi."

Akwatin kuran yana jikin bango ta gefen gaba, wanda ke wurin ba ya hango ramin. Na bi shi can. Ya buɗe, ya sauke wani ɗan hannu baƙi mai kashe kuran, ya koma ya auna wayoyin da wani ɗan abin awo, ya sake aunawa. Sai ya dawo ya tsaya yana duban murfin akwatin. Wurin maƙala kwaɗo ya karye tun tuni. Ga shi kuma ya riga ya aiki mai gadi kasuwa sayo wani abu na gyara. Ya shimfiɗa mini tabarma daidai ƙarƙashin akwatin, cikin 'yar inuwa.

"Inna, zamna nan," in ji shi. "Hannuwana za su shiga cikin waya, ƙafafuna suna cikin ruwa. In wani ya ɗaga wanga abu, ba ni da rai. Kowane ne, kada ki bari."

Na kau da kai na ce, "Na jiya."

Na zauna ina jan carbi. Motoci na shiga tasha suna fita, rana na dukan bango, maƙogwaro ya bushe. Can wajen la'asar sai na ji ƙarar takalmi da gyaran murya. Ko ban duba ba na san ko wane ne. Na ja mayafi na rufe fuska, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gaggauce, ransa a ɓace, don an je an gaya masa ƙanƙara tana narkewa, ga masu saye sun fara layi.

"Wa ya kashe kuran?"

Ku ji abin da bakina ya faɗa, wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Na ce, "Mai gyara ne. Ya ce a bari." Mai gyara, kamar wani baƙo daga wata ƙasa. Kunya ta hana ni cewa ɗan ƙanensa ne, ta hana ni cewa yana can hannunsa cikin waya. Kuma a ƙasan maƙoshi na faɗe ta, yadda aka koya mini magana gabansa.

"An ce mani sun hidda famfon waje," in ji Alhaji. "To mi ya rage? Su kashe wa mutum wuta su tahi yawonsu. Matsa kaɗan."

Na matsa. Allah ya gani, na matsa, domin jikina ya saba. Shekara arba'in in ya ce matsa, matsawa nake. Ya taka bakin tabarmar, ya ja murfin akwatin. Ta ƙarƙashin mayafi na ga hannun rigarsa ya yi sama, na ga yatsunsa sun sauka kan baƙin hannun nan.

Ban san sa'ad da na miƙe ba, ni da gwiwa ke hana wa tashi sai da dafa ƙasa. Sai dai na ga hannuwana biyu sun cafke wuyan hannunsa, na rataya da dukan nauyina. Mayafi ya zame ya faɗi. Na dube shi cikin ido na ce, "Alhaji, ɗana na can baya, hannunshi cikin waya. Ɗana na fari. In ka ɗaga, ka kashe mani shi." Sannan na buɗe baki na ƙwala kiran yaron da sunansa na yanka, har sau uku, da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba. Masu shayi da 'yan kabu-kabu duk suka waiwayo.

Sai ga shi ya zagayo da gudu, wandonsa jiƙe har gwiwa, bakin waya tsirara a hannunsa. Ya dubi akwatin, ya dubi yatsun baffansa, ya tsaya cik. Alhaji ya dubi wayar nan, ya dubi ƙafafun yaron, sai na ji hannunsa ya mutu cikin nawa. Ya sulale ya zauna ƙasa da farar rigarsa, yana salati.

An jima ya ce, "To sake ni hakanan, kin kusa ɓalle mani hannu." Ashe ban sake shi ba. Na saki, na lalubo mayafi, kunya ta dawo mini gaba ɗaya kamar an watsa mini ruwan zafi. Ya girgiza kai ya ce, "Shekara arba'in, ban san ƙanena ya auro mai murya ba." Mutane suka yi dariya, ni kuwa hawaye ne ke zuba, na kasa tsai da su.

Yaron ya durƙusa gaban baffansa ya ce laifin nasa ne. Ya ce ƙa'idar aikinsu ita ce a rufe akwati da kwaɗo, makulli yana jikin mai gyara, a kuma gaya wa mai wuri kafin a taɓa komai. Shi ya ga wurin kwaɗo ya karye, ya yi gaggawa, ya ajiye tsohuwa inda ƙarfe ya kamata ya tsaya. Alhaji ya ce ba za a ƙara taɓa waya ba sai an gyara murfin. Nan take aka kira mai walda ya liƙa. Yaron ya danna kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa, ya sake auna wayoyin, sannan ya koma bakin rami. Ashe fatar wayar famfon ce ta saɓule wuri guda, ruwa na shiga. Kafin ya gama ƙanƙara ta zama ruwa, Alhaji ya sa aka raba wa 'yan tasha suka sha ruwa da ita.

Da ya ɗauko ni a moto muna tafiya gida, sai ya ɗan juyo ya ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Na ce, "Dubi gabanka, kai wanga."

Labari ya riga ni isa ƙauye. Wasu tsofaffi suka ce na zubar da mutunci, wasu suka zo yi mini barka. Ban yi musu da kowa ba. Na dai san da na ƙara yin shiru na ƙiftawar ido guda, da gaisuwar mutuwa suka zo yi mini.

Har yau ina rufe fuska in na ga Alhaji, kuma ban fasa jin nauyin ɗana ba, don haka aka gina ni. Amma ranar nan ta koya mini cewa kuran bai san babba ba, bai san suruki ba, ba ya jiran a gama gaisuwa. In ka ga an kashe wuta, kada ka kunna sai ka ga wanda ya kashe ta da idonka. In kuma an ba ka tsaron ran mutum, ka faɗi maganar duka, ka faɗe ta da ƙarfi, ko gaban wa kake. Kunya tana iya jira har gobe, ka ji ta a hankali, ɗanka yana zaune kusa da kai yana cin tuwo.