Shaidar Ƙafar Malam Idi

Har na bar aiki ban manta da ranar da Baba Sidiki ya shigo biro ɗina, ofishin takardun ɗan ƙasa, a Magariya ba. Tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ɗan Mali, ya tsufa a Dungas, matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Na gaishe shi da Bambaranci, wanda na koya a Bamako. Ya ce rabon da ya ji harshen nan tun yana da baƙin gashi.

So yake ya zama ɗan Nijar. Takardunsa na can sun ɓace, babu kuma wanda ya san shi a garinsu. Ga waɗanda ba su san aikin ba, dosiye, wato kundin takardun nema, irin wannan sai da takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, sannan jandarma su binciki halinsa da daɗewarsa a ƙasa. Tarar fitilar mota ko ta rashin permin tuƙi ba ta cika hana komai ba. Amma shi tun farkon zuwansa kotu ta taɓa yi masa ɗaurin talala, don ya buge wani mai amalanke a hanyar Dogo-Dogo.

Ajidan, jandarman da ke binciken, ya ce, "Baba, laifin ya tsufa, ba lalle ya tare ka ba. Kawo mini wanda ya san zuwanka."

Ya yi ta lissafa sunaye, duk sun rasu. Na ga baƙi a Abijan da Agadas, kowa da unguwar 'yan garinsu. Shi ba shi da kowa.

Na ce, "Mai amalanken fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da wane ido zan dube shi?"

Ni na hau kabu-kabu na je Dogo-Dogo na nemo shi. Ranar kasuwa sai ga Malam Idi mai amalanken a biro ɗina da sandarsa, yana jan ƙafa. Ajidan ya tambaye shi ko ya san lokacin da mutumin nan ya zo ƙasar.

Ya ɗage wando. "Ranka ya daɗe, tambayi wannan. Duk damina sai ta tuna mini da shi." Ya juya ga Baba Sidiki. "Kai Bamale, har yanzu ba ka san inda birki yake ba?"

Ya shaida kuma cewa Baba Sidiki bai gudu ba, shi ya ɗauke shi zuwa likita.

Dosiye ya tafi Yamai, ya daɗe, amsa ta zo da yarda. Da na miƙa wa Baba Sidiki takardar, ya juya ta, ya dubi ƙofa. Babu mai jiransa a waje. Ya tambaye ni ko motar Dogo-Dogo ta tashi.

Ku da kuke kan aikin yanzu, in kun ga tsohon laifi a dosiye kada ku rufe shi nan take. Ku nemi wanda aka yi wa laifin. Wani baƙon, shi kaɗai ya rage masa a ƙasar.