Nababa da Zaɓen Layi

Mazaɓar Tsamiyar Kara babu ita yanzu. An raba ta biyu an liƙa wa maƙwabta, kuma ban ji wanda ya yi kukan rashinta ba. Kansilolin da ta fitar ba su taka kara sun karya ba. Na farko soja suka sallame shi, na biyu ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa. Na ƙarshe shi ne Alhaji Khalilu, kuma zaɓensa ne ya ci gonar Nababa.

Nababa mai jaki ne, da rani dakon taki, da damina noma. Bai gaji gona ba, don a ƙasarmu gona ta yi wa mutane kaɗan tun zamanin kakanni. Wadda yake ci da iyalinsa aro ce daga Alhaji Khalilu. Faƙo ya karɓe ta, ya yi ta zuba mata taki shekara da shekaru har ƙasar ta yi baƙi.

A shekarun da takin zamani ya gagari talaka, aka kawo zaɓen layi. Ba akwati, ba sirri. A kafa hoton ɗan takara, kowa ya tsaya bayan nasa, a ƙirga. Nababa ya yi sammako ya shiga layin Alhaji. To, ina kuma zai shiga?

Ana cikin haka sai ga Malam Uwaisu, mahaifin matarsa Furera, ya zo ya tsaya daf da bayansa. Mu kuwa a nan mutum ba ya juya wa surukinsa ƙeya. Nababa ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Tashi abinka," in ji tsohon.

Ina. Da takalmin a hannu ya sulale, wai zai zagaya ya koma ƙarshe. Ya ɗan tsaya a inuwar darbejiya, ashe nan wutsiyar layin Usaini tela ta kai, abokin takarar Alhaji. Malamin zaɓe ya dafa kafaɗarsa ya ƙirga ya wuce.

Alhaji ya ci da rata mai yawa. Amma an gani, an kuma kai masa. Ya bari Nababa ya gama jibge takin rani, sai da hadari ya fara haɗuwa sannan ya aiko yana son gonarsa.

Furera ta ce, "Malam, ka je ka gaya masa yadda aka yi mana."

Ya ce, "In je in ce Baba ne ya jawo? Da wane bakin?"

Wannan magana ta ba ni haushi, har yau tana ba ni. Bai je ba.

A daminar nan gero ya yi kyau a gonar fiye da kowace shekara. Da ciyawa ta taso, yaran Alhaji suka nemi 'yan ƙodago. Gidan Nababa ba hatsi, sai ya ɗauki fartanyarsa ya bi su.