Mai Kunne da muryar mahaifinmu

A bakin Kawu na fara jin sunansa, ranar da tsohuwar kwamfutar mahaifinmu ta ƙi tashi, wata biyar bayan rasuwarsa. A cikinta muryarsa take, hirarrakin da na ɗauka yana ba mu tarihin dangi, kuma babu kwafinsu ko'ina.

"Sai dai Mai Kunne," in ji Kawu, yana kauce wa idona.

Shagon Mai Kunne wani lungu ne ƙarƙashin matakalar bene. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, sukudirebobi kamar tsinken sakace. Dattijo ne siriri. Ya zaro faifan ajiyar daga kwamfutar, wani ƙarfe kamar tafin hannu, ya ba shi wuta ya kara a kunne. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya yi maza ya kashe.

"'Yata, wa ya buɗe shi?"

"Kawu ne, Baba. Ƙura kawai ya goge da hankici."

"Hankici! Allah ya saka masa, da bai haɗa da sabulu ba."

Ya zaunar da ni ya ce a ciki fayafayai ne masu sheƙi kamar madubi, suna juyawa sau dubbai a minti. Wata allura ce ke rubutu a kansu da maganaɗisu, ita ke karantawa, amma ba ta taɓa su. Shawagi take a iska, tazarar ko gashi ba zai shige ba. Ƙwayar ƙura ɗaya dutse ce a gabanta.

Kwana tara ina zuwa, a nan na san shi. Da gyaran kaset ya fara, ya ce duk jirgi ɗaya ne, maganaɗisu ne a zare, ya koma kan faifai. Ya nuna mini na farkon da ya taɓa gyarawa, mai nauyin bulo, yanzu da shi yake tokare ƙofa.

"Wannan ƙaton ko hotuna goma na wayarki ba zai ɗauka ba. Naku kuwa ya haɗiye dubunsa."

Na zamani ne ba ya so, waɗanda ba abin da ke juyawa a cikinsu. "Bebaye ne. Ko ciwo suke ba sa faɗa. Ni kuma da kunne nake aiki."

Ya yi ta tonon kwalayensa har ya samo faifai irin namu, ya ciro allurarsa ya dasa, yana riƙe numfashi. Fuskar saman da aka goge ta tafi. Daga fayafayan ƙasa ya tsamo hira huɗu cikin goma sha ɗaya. Da ya kunna, sai ga mahaifinmu yana gyaran murya, yana cewa in matso da abin kusa. Mai Kunne ya fita waje, wai zai duba ko hadari ya taso.

Bara Kawu ya rasu, shi ya sa yau nake iya rubuta wannan. Ranar da na karɓi hirarrakin, har bakin titi dattijon ya rako ni.

"'Yata, alfarma ɗaya. Idan Kawunki ya tambaya, ki ce tsufa ne ya cinye sauran. Muryar ɗan'uwansa yake nema, shi ya sa ya goge. Kar ki bar shi da wannan."