Kamfata Ɗaya

Mahaifina ɗan aiken dagacin ƙauyenmu ne, can wajen Baturiya, tun kafin waya ta shiga aljihun kowa. Da ƙafa yake kai saƙo Haɗeja. Sai ya cusa takarda cikin hula don kada ta jiƙe, ya ɗaure gindin riga, ya ratsa fadama da sassarfa.

A wajen tafsirin azumi ya ji labarin da ya riƙe har tsufansa. Wani sarkin Bani Isra'ila ya fita yaƙi da dakarunsa, suka iso bakin kogi da ƙishirwa. Aka ce kada kowa ya sha, sai dai kamfata ɗaya da hannu. Mafi yawansu suka kifa kai suka sha, ba su haye tare da sarkin ba. 'Yan kaɗan ɗin da suka haye, Baba ya mai da su abokan aikinsa. In yana ba da labarinsu sai ka rantse tare suka yi kiwo.

"Mai tafiyar ƙasa ya cika ciki da ruwa?" yakan ce. "Ai ya gama yawo."

Tun daga nan, ko a gida, kurɓi ɗaya yake yi ya ajiye moɗa. Muna yi masa dariya, yana kiranmu ragwaye.

Da ya tsufa sai ciwon baya ya kayar da shi. Likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, kuma in bai riƙa shan ruwa da yawa ba, ƙodar za ta lalace. Na baro gidan mijina a Malam Madori na zo jinya. Kwana huɗu ina bin sa da kofi. Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi kuka a bayan ɗaki. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum ina kuma tausayinsa kamar lokacin ba. Ya kurɓa sau ɗaya, ya kau da kai.

Ran na biyar da hantsi na zauna gefen tabarmarsa, na gaji da faɗa.

"Baba, waɗancan mutanen naku, da suka haye kogin aka gama yaƙi, sun sha ruwa kuwa?"

Ya harare ni. "To da ƙishirwa za su mutu? Sun sha mana."

"Ku fa? Akwai sauran saƙon da ba ku kai ba?"

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, duk kaushi da faso, sun kumbura.

"Babu," ya ce. "Ko ɗaya ban taɓa yarwa a hanya ba."

"Ashe kun haye, Baba."

Na miƙa masa kofin. Ya ture, ya nuna randa da haɓa.

"Ɗebo min a babban kwanon nan, uwata. Shekara arba'in ke nan ina jin ƙishirwa."